Ana ce mini in gode Allah, ni kuma na rufe madubi: butulci ne?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane ban taɓa kawo tawa ba, yau dai tura ta kai bango.

Wata bakwai ke nan da na haihu, haihuwa ta uku. Biyun farko da kaina na haife su. Wannan kuwa kwana biyu ina naƙuda, ƙarshe aka ce bugun zuciyar yarinya yana raguwa, aka shiga da ni tiyata wajen ƙarfe biyun dare. Alhamdulillahi, ga Hanifa nan har ta fara zama. Ni ce dai ban dawo ba. Cikina ya saki, ya zubo kan wurin ɗinkin kamar an rataya mini jaka. Nankarwa tun daga cibiya har cinya. Wuyana ya yi baƙi tun ina da ciki, har yau bai washe ba. Gashin gaban goshina kuma ya kakkaɓe, in na ɗaura kallabi sai na jawo shi har kusa da gira.

Makon jiya aka yi bikin ƙanwar maigidana. Da na kai ankon wurin tela, ta auna ni, ta buɗe littafinta ta duba awon bara, ta ce da ƙarfi gaban mata huɗu: "Maman Ikram, inci shida fa kika ƙara a ƙugu!" Na haɗiye. Ranar wuni kuma wata gwaggonsu ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke kuwa me kike ci haka? Ki yi wa kanki faɗa, namiji ba ya son kayan da ya kwance." Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Daga nan na shiga banɗaki, na kunna famfo don kada a ji, na yi kuka mai isata.

Da dare na kira Ummanmu ina ba ta labari. Ba ta bari na kai aya ba ta ce, "Ke dai ba ki da godiyar Allah. Mata nawa suka shiga ɗakin nan ba su fito ba? Mata nawa ke neman haihuwar ido rufe?" Kuma gaskiya ta faɗa. Matar da ke gadon kusa da nawa a asibiti ba jariri ta koma gida, ina ji tana roƙon nas ta ba ta maganin da zai tsayar da ruwan nono. Ban manta ba. Amma na kira waya da ciwo ɗaya, na ajiye da biyu: ga ƙin jikina, ga jin cewa ni butulu ce.

Bayan kowace salla ina yin Alhamdulillahi ƙafa 33, ba na fashi. Duk da haka hijabi na rataya a kan madubin sif ɗina don kada in ga kaina in na fito wanka. Na kuma sayi man shafawa da shayin rage tumbi wurin wata mai talla a WhatsApp, naira 18,000, na ɓoye su ƙarƙashin kayan yara. Ban buɗe ba saboda ina shayarwa, amma kullum sai na je na taɓa ledar. Maigidan bai taɓa cewa uffan a kan jikina ba, shirun nasa ma wani tashin hankali ne.

To don Allah ku gaya mini: godiya tana sauya yadda mutum ke kallon jikinsa da gaske, ko kuwa magana ce da ake rufe bakin mai kuka da ita? Wanda ya gode har zuciya yana daina jin abin da nake ji? In kuma na nemi gyara, na yi wa Allah butulci?

Ummu Abdallah:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki yawaita istigfari, wannan waswasin shaiɗan ne. Allah ya ce a Suratu Ibrahim aya ta 7, in kun gode zan ƙara muku. Ki fita titi ki dubi guragu da makafi da kutare, wallahi da gudu za ki dawo ki rungumi tumbin nan. Man kuma ki zubar da shi, ki rage kallon TikTok, rabin waɗanda kike gani a can kyamara ce ta gyara su.

Hajiya Inna ta Tudun Wada:

'Yata, sannu da jego, Allah ya raya Hanifa. Jikata ce take rubuta mini, ni ina faɗa.

Shekara shida ke nan da aka cire mini nonon dama saboda ciwon daji. Duk wanda ya zo dubiya maganarsa ɗaya: "Hajiya a gode Allah, da rai." Ina cewa Alhamdulillahi, bakina ne kawai yake motsi. Kusan shekara ina naɗe tsohon kallabi ina cusawa a rigar mama. In zan yi wanka kashe fitila nake yi. Ni da na aurar da 'ya'ya biyar, wai ina ɓuya daga jikina kamar amarya.

Abin da mutane ba su sani ba, bayan aikin nan kafaɗa takan ƙage. Hannuna na dama ba ya ɗaguwa. Masu gashin ƙashi suka ce in riƙa tsayawa gaban bango ina hawa da yatsuna sama a hankali, kamar gizo-gizo. Na sami gawayi, kullum inda yatsana ya tsaya sai in ja layi. Bangon tsakar gidana ya koma kamar allon makarantar allo. Wani makon layin ya hau da faɗin ɗan yatsa, wani makon ko gezau.

Rannan da asuba na tashi salla, na zo kabbarar harama, sai na ga hannuwana biyu sun tashi tare har kafaɗa, ban ma yi niyyar gwadawa ba. Watanni ina ɗaga na hagu sosai, na dama ya tsaya a ƙirji. Ban iya karanta Fatiha ba don kuka, sai da na sake tayar da sallar. Alhamdulillahin da ta fito daga bakina a wannan asubar ba wanda ya ce in yi ta. Bayan sati biyu na karɓi muciya daga hannun surukata na tuƙa tuwon gidan da kaina, ya yi gudaji, na ce kowa ya ci haka nan.

Ba zan yi miki ƙarya ba, har gobe ba na son kallon tabon. Ban taɓa ganin kyansa ba. Na dai daina fushi da shi, kuma fitila a kunne nake wanka yanzu.

Ummanki kuma ki yi mata uzuri. Ke kina ciki an yi miki allurar barci, ita ce a kan benci a ƙofar tiyata da carbi. Tsoron wannan daren ne bai sake ta ba. Uwa in ta tsorata, da faɗa take magana.

Ungozoma Rabi:

Maman Ikram sannu. Ni ungozoma ce, irin maganarki nakan ji ta a ranakun rigakafi, sai dai a hankali ake faɗa, bayan an leƙa an ga ba kowa.

Tambayarki ta farko masana halayyar ɗan Adam sun gwada ta. A 2003 wasu malamai biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, suka raba ɗalibai kashi uku. Kashi ɗaya kowane mako su rubuta abu biyar da suke godiya a kai, kashi na biyu su rubuta abu biyar da suka ɓata musu rai, na uku su rubuta abin da ya faru kawai. Bayan mako goma, masu rubuta godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi ƙarancin ƙorafin ciwace-ciwace irin su ciwon kai, kuma sun fi masu rubuta ɓacin rai motsa jiki da kusan awa ɗaya da rabi a mako. Sai suka sake gwadawa da manya masu cututtukan jijiya da tsoka, cikinsu har da waɗanda shan inna ya taɓa, na tsawon kwana 21. Waɗannan barcinsu ya gyaru, suna tashi da ƙarfin jiki, amma zogin da suke ji bai ragu ba. Ki riƙe wannan.

A kan ƙin jiki kansa kuma, a 2010 an yi wani gwaji a Ingila ta intanet. Wasu aka ce su riƙa rubuta godiya kullum, wasu aka ba su aikin da likitocin ƙwaƙwalwa suka saba bayarwa, na kamo mugun tunani a rubuta shi a warware shi. Duka biyun sun rage ƙin jiki daidai wa daida, amma masu rubuta godiya sun ninka sauran wajen kai aikin ƙarshe ba tare da sun watsar ba. Ni abin da ya fi kama hankalina shi ne na wata mai bincike a Jami'ar Mastirik ta ƙasar Holan, Jessica Alleva. Ita cewa ta yi mata su rubuta abin da jikinsu yake iya yi, su bar zancen kamanninsa: tafiya, narkar da abinci, warkar da rauni, rungumar ɗa. Wannan kaɗai ya ƙara musu gamsuwa da jikin. Layukan gawayin Hajiya Inna ke nan, ita ba ta jira Bature ya gaya mata ba.

Amma kada a zuzuta. Da masu bincike a Jami'ar Jihar Ohayo suka tattara gwaje-gwaje 27, sun ga tasirin rubuta godiya a kan ciwon damuwa da fargaba kaɗan ne. Taimako ne, bai kai magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. In kukan nan kullum ne fiye da mako biyu, in ba kya iya barci ko da Hanifa ta yi, in abinci da mutane sun fita ranki, ki je asibiti ki faɗa da bakinki. Ba raunin imani ba ne.

Yanzu ledar nan. Don girman Allah kada ki shafa. Mayukan da ake haɗawa a gida a zuba a roba ba takarda, yawanci ba sa rasa ɗaya daga cikin sinadaran bilicin guda uku: sitiroyid, haidirokwinon ko zaiba. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, shi da kansa yana jawo nankarwa, masu faɗi da ja, waɗanda suka fi na haihuwa muni. Kin ga an je neman ƙiba an samo rama. Zaiba kuma tana ratsa fata ta shiga jini, tana taɓa ƙoda, tana bi ta nono, ga yarinya kullum fuskarta a wuyanki. Ba banza ba hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Shayin kuma galibinsu gudawa suke sa mutum, ruwa ne ke fita.

Gashi zai dawo, zubewarsa bayan haihuwa abu ne sananne, yawanci kafin yaro ya shekara ya fara cikowa. Baƙin wuya na ciki yakan washe a hankali, amma in fatar ta yi kauri da laushi kamar karan-miski, ki gwada sukari, don wani lokaci alamarsa ce. Cikin kuma ki sa a duba ko naman gaban ciki ne ya rabu biyu, akwai motsa jiki na musamman da masu gashin ƙashi ke koyarwa. Neman wannan gyaran kula da amana ne.

Mai Walda:

Salam. Na san zancen mata ne, ku yi haƙuri da kutsen, amma an ambace mu a sama.

Malama Ummu Abdallah, ni ne gurgun da kika ce a fita titi a kalla. Shan inna ya kama ni ina shekara uku, ƙafafuna biyu ba su sake ɗaukata ba. Na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma bari ki ji yadda abin yake daga ƙasa. Sau da yawa mace za ta wuce ni da ɗanta, ta nuna ni, ta ce, "Ka gani? Ka gode Allah." A kunnena. Wani ya fito daga mota ya miƙo mini naira ɗari ina tsaka da aiki a shagona, alhali ni nake biyan yara huɗu kuɗin sati. Kamar an ajiye mu a bakin hanya ne don masu ƙafa su riƙa tuna ni'ima. To ni in na tashi godiya wa zan kalla? Sai na nemo wanda ba shi da hannu? Shi kuma ya nemo wa?

Ina saurayi na tsani ƙafafun nan. Wando mai faɗi nake sawa in naɗe su ciki, hoto kuwa daga ƙirji zuwa sama. Wa'azin "dubi na ƙasa da kai" bai yi mini komai ba, don duk inda na waiga ni ne na ƙasan. Abin da ya juya ni aiki ne. Ranar da na gama keken guragu na farko da hannuna, tun daga yankan bututu har ɗaura sarƙa, na ga wani yaro ya hau ya tafi makaranta ba a goye ba, na daɗe ina kallon tafukan hannuna. Duk kanta ne da ƙunar wuta, amma in na riƙe ƙarfe sai na ga dama yake motsi. Muna buga ƙwallon guragu da yamma, a kan katako mai taya, da hannu ake bugawa. Ku zo ku ga kafaɗun mutanenmu.

Da aka sanar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka, na yi sujada a cikin shago, kan ƙasa mai baƙin mai. 'Ya'yana uku duk da ƙafarsu suke gudu, ba ɗigon rigakafin da ya taɓa wuce su.

Maman Ikram, shawarata kada ki gina godiyarki a kan matar da ta rasa ɗanta. Ki yi mata addu'a kawai. Godiyar da sai an sami wanda ya fi ki wahala take tsayuwa, ranar da kika shiga biki kika ga wadda ta fi ki, zubewa za ta yi.

Ummu Abdallah:

Malam Mai Walda ka yafe mini, wallahi ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma ai hadisi ne.

Malam Na Zaure:

Hadisi ne ingantacce, Malama, yana cikin Bukhari da Muslim daga Abu Huraira, kuma lafazinsa ya ambaci jiki ƙarara: idan ɗayanku ya dubi wanda aka fifita a kansa a dukiya da halitta, to ya dubi wanda yake ƙasa da shi. Sai dai ku lura da wanda ake yi wa magana. Mutum ne da zuciyarsa, a lokacin da idonsa ya riga ya tafi sama. Magani ne da kake sha da kanka a ɓoye. Ba a ce ka nuna bawan Allah da yatsa ba, ba a kuma ce ka doki mai kuka da shi ba.

Maman Ikram, ki buɗe Suratu Maryam aya ta 23. Naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, ta ce ina ma na mutu kafin wannan. Nana Maryam fa. Amsar da ta samu ita ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabino, ki ci ki sha ki sanyaya ido. Ba a ce mata ba ta da godiya ba. Annabi Yaƙub kuma ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce ina kai ƙarar damuwata da baƙin cikina ga Allah ne. Jin ciwo daban, butulci daban.

Sannan Suratu Luƙman aya ta 14: uwarsa ta ɗauke shi cikin rauni a kan rauni, yayensa cikin shekara biyu, ka gode mini da iyayenka. A ayar nan jikin da ya raunana shi ake bin bashin godiya. Ke ake cewa a gode wa.

Ita kuwa gwaggo, a tuna mata da Abdullahi ɗan Mas'ud. Ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta yaye tufarsa, sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Imamu Ahmad ya ruwaito. Suratul Hujurat aya ta 11 kuma ta ware mata da ambato, kada wasu mata su yi wa wasu izgili. In ana neman wanda zai yi istigfari a labarin nan, a fara daga wurin wunin.

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Kwana goma sha biyu ban leƙo ba, ga abin da ake ciki.

Anti Rabi, na je na gwada sukari, lafiya lau. Nas ta sa na kwanta na ɗaga kai, ta danna saman cibiyata, ta ce yatsu biyu suna shiga, ta tura ni wurin masu gashin ƙashi ranar Talata. Mai man ta ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Na juye shi a masai, robar na wanke na zuba allurai da maɓallai. Naira 18,000 dai ta tafi, har yanzu in na tuna sai na ji zafi.

Na sami ragowar littafin Ikram na lissafi na fara rubutun. Kwana ukun farko yara da abinci da rufin asiri kawai nake rubutawa, sai na lura ina zagaye jikin kamar yadda ake zagaye kwata. Rana ta huɗu na tilasta wa kaina. Na fi minti goma da biro a hannu, abin da ya fito shi ne: "Bayana ya goyi Hanifa daga gida har bakin titi, ban zauna ba." Washegari: "An yanka fata da mahaifa, sun haɗe da kansu ina barci." Wannan na daɗe ina kallonsa. Jiya kuwa abin da na rubuta, "Hancina ya ji ƙaurin wake kafin ya ƙone." Kada ku yi dariya.

Malam Mai Walda, maganarka ta hana ni barci. Gaskiya da matar asibitin nan nake ta dukan kaina. Yanzu in ta faɗo mini, addu'a nake mata in wuce.

Na kuma yi ƙarfin hali na tambayi maigidan me ya sa ba ya cewa komai. Ya yi shiru har na fara da-na-sani. Can ya ce shi aka miƙa wa takarda ya sa hannu a daren, biron ya faɗi sau biyu, kuma duk lokacin da ya ga tabon takardar yake tunawa, shi ya sa yake kawar da kai. Ni kuma wata bakwai ina fassara kawar da kan nan da ƙyama. Na ce to ai da ka faɗa. Ya ce ai ban tambaya ba.

Hajiya Inna, ranar Juma'a yara suna wasan ɓuya suka fizgo hijabin madubin. Yana nan a kan kujera, ban mayar ba, ban kuma ce ba zan mayar ba. Cikin nan har yau ba ya burge ni, in na kalla sau ɗaya nake kallo. Umma na kira ta na ce ta ba ni labarin daren, ta ce ba ta so, sai kuma ta yi awa guda tana bayarwa.

Saura matsala ɗaya. Akwai wani bikin bayan Salla, an riga an fitar da anko, kuma gwaggon nan a layin gaba za ta zauna. Wadda ke da amsar da zan ba ta, wadda ba za a kai ƙarata wurin surukata a ce na yi rashin kunya ba, ta taimaka mini da ita.